Ciwon kan da bai kamata a jira da shi ba

Wani rahoto ya yi ƙoƙari kan kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, amma ya wuce alamar fashewarta da sauri. Ciwon kai ne da ke faɗo wa mutum farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba, wani lokaci da amai da sanƙarewar wuya. A nan ba Panadol ake nema ba, asibiti ake zuwa a yi hoton ƙwaƙwalwa na CT nan take. Masu hawan jini da mashaya sigari su ne kan gaba a haɗarin.

Kuma wajen magani, ba dole sai an buɗe kai ba. Tun farkon shekarun 1990 likitoci ke zura siririn bututu ta jijiyar saman cinya har ƙwaƙwalwa, su cusa zaren ƙarfen filatinam a cikin kumburin, jini ya daskare ya toshe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wata matsalar daban, cuɗewar jijiyoyi a ƙwaƙwalwa, inda mai kai jini ke haɗuwa kai tsaye da mai dawo da shi. Tana jawo farfaɗiya ga matashi, mu kuma sai mu ce iska ce. A yi ruƙiyya, amma don Allah a yi hoton MRI ma.