Sanƙarau mai sanɗa da yaran da lissafi ya tsallake

Idan aka ce sanƙarau, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ciwon da ke kayar da yaro dare ɗaya, jiki ya yi zafi zau, wuya ya sanƙare. Akwai wani irinsa da ba ya zuwa da wannan hargowar, sanɗa yake yi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu mai ɗauke da ƙwayar HIV ya ce kansa na ciwo, a ba shi magani, ya lafa, gobe ya dawo. Bayan mako guda sai amai da sassafe, yana runtse ido in haske ya shigo ɗaki, yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Wuyansa kuwa yana lanƙwasuwa lafiya lau, don haka ba wanda ya kawo sanƙarau a ransa. A yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro, a koma na tarin fuka, kwanaki suna tafiya.

Mai wannan aika-aika ita ce ƙwayar kiriftokokus, dangin funfuna. Tana zaune a cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace da kashin tsuntsaye, musamman tattabaru. Shaƙar ta ake yi a iska, ba a ɗaukar ta daga jikin wani, kuma yawancin mutane sun shaƙe ta tun suna ƙanana ba tare da ta yi musu komai ba. Sai garkuwar jiki ta faɗi take tashi daga huhu ta bi jini ta haye ƙwaƙwalwa. Kiyasin shekarar 2020 ya nuna mutum kusan 152,000 masu ɗauke da HIV ne suka kamu da wannan sanƙarau, kusan 112,000 suka rasu, wato kimanin kashi 19 cikin ɗari na mace-macen da ke da nasaba da kanjamau. Sai dai manya aka ƙirga. Yara ba sa cikin lissafin.

Gaskiya ne cutar ba ta cika kama ƙananan yara ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jinin manya da matasa waɗanda ƙwayoyin garkuwarsu na CD4 suka yi ƙasa sosai, ƙasa da 100 tilas, ƙasa da 200 in da hali, don neman ƙwayar kiriftokokus ko da ba su da alamar ciwo, amma ba ta ba da shawarar a yi wa 'yan ƙasa da shekara goma wannan gwajin na bai-ɗaya ba. Ban ga laifin wannan ba. Inda nake da ja shi ne yadda ake karanta shi. "Kada a gwada kowane yaro" daban, "kada a gwada yaron da ya kwana goma yana riƙe da kansa" daban. Na biyun ba wanda ya rubuta shi, amma shi ne ke zama a kan ma'aikacin lafiyar da aka koya wa cewa wannan ciwon manya ne. Alhali gwajin ɗan tsinke ne, da ɗigon jini ko ruwan laka, cikin minti goma sakamako ya fito, ba ya buƙatar wutar lantarki.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne 'yan shekara goma zuwa goma sha tara da aka haifa da ƙwayar HIV. Sun girmi asibitin yara, ba su kai na manya ba. A wannan shekarun ne yaro ke fara tambayar dalilin da ya sa shi kaɗai yake haɗiyar ƙwayar maganin HIV kullum, ya gaji, ya riƙa ɓoye ta a ƙarƙashin katifa yana cewa ya sha. Garkuwarsa na zubewa a hankali, a takarda kuma yana kan magani. Wasu ma ba a taɓa yi musu gwajin HIV ba sai da ciwo ya kwantar da su. A 2023, alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna kashi 57 cikin ɗari na yara masu HIV ne ke samun magani, manya kuwa kashi 77.

Maganin wannan sanƙarau yana nan, kuma ya samu ci gaba. A 2022 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Botswana da Malawi da Afirka ta Kudu da Uganda da Zimbabwe: allura guda mai ƙarfi ta amfoterisin B, irin wadda aka naɗe a cikin kitse don ta rage cutar da ƙoda, sai kwana 14 na fulusaitosin da fulukonazol, dukkansu magungunan kashe funfuna. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi wannan tsari. Amma nan ma manya aka gwada, na yara an auna shi ne da nauyin jiki daga na manya. Fulusaitosin kuwa, maganin da aka haɗa tun 1957, har yau asibitoci da yawa a Afirka ba sa ganin sa, sai a lallaɓa da fulukonazol kaɗai, wanda an san bai isa ba.

Akwai abu biyu da iyaye ke buƙatar a zaunar da su a yi musu bayani, ba a tsaye a bakin ƙofa ba. Na farko ɗibar ruwan laka. Ƙwayar kiriftokokus tana toshe hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke tsanewa, ruwan ya taru ya matse ta, daga nan ne makanta da kurumta da mutuwa ke zuwa. A kwantar da yaro a gefe, ya dunƙule gwiwa zuwa ƙirji, a sa allura a ƙasan baya, ruwan ya riƙa ɗiga fari tas, wani lokaci da ƙarfinsa yake fitowa. Sau da yawa kafin a cire allurar ciwon kan ya fara sauka. Iyaye da yawa na ƙi don sun ji an ce "allurar baya" ce ta kashe wane, alhali wane an kai shi ne a makare. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba, ana iya maimaitawa kullum har matsin ya sauka.

Na biyu ya fi ɗaure kai: idan yaron bai fara maganin HIV ba, ba a fara masa nan take, sai an jira mako huɗu zuwa shida. Garkuwar da ta farfaɗo da gaggawa takan afka wa ƙwayar a cikin ƙwaƙwalwa ta haddasa kumburi, kuma binciken da aka yi a Uganda da Afirka ta Kudu ya nuna masu saurin farawa sun fi mutuwa. Uwar da aka shekara ana yi wa faɗa kan tsallake magani, yau a ce mata ta dakata, dole ta zaci an fid da rai da ɗanta in ba a faɗa mata dalili ba. Bayan sallama ma da saura: mako takwas na fulukonazol mai ƙarfi, sannan ƙaramin kaso na aƙalla shekara guda, a hannun yaron nan da ya riga ya iya ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin katifa.