Masu kwana karatu daren jarrabawa, ku ji tsoron Allah

Jiya da safe na raka ƙanwata wajen jarrabawar NECO, sai ga wani yaro a gindin darbejiya da littafi a cinya yana ta gyangyaɗi, ido jawur, abokansa kuma sai kirari suke masa wai tun isha'i bai runtsa ba. Wallahi raina ya ɓaci. Wannan har abin kirari ne?

Ƙannena, ba a fafe gora ranar tafiya. Kun kwashe zango guda kuna TikTok da hira a majalisa har ƙarfe biyun dare, sai ana gobe jarrabawa ku haɗa Nescafe da goro da lemon ƙara kuzari wai za ku haɗiye littafi kafin asuba. To ku sani, abin da ka karanta da rana a bakin ƙofa kawai aka sauke shi, sai ka yi barci mai nauyi ƙwaƙwalwa ke maimaita shi ta kai shi ma'ajiyar da zai zauna. Tun 1924 aka gwada wannan a jami'ar Cornell ta Amurka, ɗalibai suka haddace wasu gaɓoɓin kalmomi, aka ga in sun yi barci bayan haddar sun fi tunawa fiye da in sun zauna ido biyu. Mai shekarunku awa 8 zuwa 10 jikinsa ke nema, kai ka ba shi awa ɗaya a kan benci, kuma shi Nescafen bayan awa biyar ma kusan rabinsa na nan a jini. Sai a raba takarda ka ga tambayar da ka karanta ƙarfe uku, ka san ka gan ta amma kai ya ɗauke. Rana ba ta ƙarya dai. Masu haɗawa da ƙwaya kuwa ba na ma son na fara maganarsu yau.

A tsangaya gardi zai yi karatun dare a gindin wuta, ya kwanta, ya tashi da asuba ya yi tilawa, ga ƙailula da rana, kuma haka aka haddace izu sittin ba fitila mai caji ba komai. A gidanmu ana idar da isha'i Baba ke kashe aci-balbal, wa ya isa ya yi tari. Yanzu uwa ce da kanta ke dafa wa yaro ruwan shayin kwana, tana alfahari wai ɗanta ba ya barci.