'Yan matan HAIM: ganga aka fara ba su kafin jita

Masu cewa sa'a ce ta ɗaga ƙungiyar kiɗa ta HAIM a 2013, don Allah ku duba gidan da suka taso.

Este, Danielle da Alana uwa ɗaya uba ɗaya suke, a yankin San Fernando na Los Angeles a Amurka, haihuwar 1986, 1989 da 1991. Babansu Moti makaɗin ganga ne, mamarsu Donna kuma mai jita. Iyayen suka haɗa ƙungiyar gida mai suna Rockinhaim, suna maimaita tsofaffin waƙoƙin wasu a bukukuwan unguwa da tarukan neman taimako. Dukkansu ukun kan ganga aka fara zaunar da su.

Wannan shi ne tushen komai a ganina. Yaron da ya fara da ganga dole ya raba jikinsa uku: ƙafar dama na taka babbar ganga a bugu na 1 da na 3, hannun hagu na dukan ƙaramar a na 2 da na 4, na dama kuma na sara farantan ƙarfe sau 8 a kowane zagaye. Idan wannan ya zauna a jiki, duk abin da ya ɗauka daga baya kan ƙidaya zai tafi. Saurari bes ɗin Este, wato jita mai kaurin murya: tare take sauka da gangar ƙafa. Saurari Danielle tana yanka kalmomi gajeru gajeru, numfashi ma a kan bugu. Ƙungiyar da ba ta samu wannan horo ba, da an shiga amshi sai jiki ya ɗau zafi, mai jita ya ƙara gudu, mai bes ya biyo baya, ƙasan kiɗan ya cakuɗe.

Sauran tarihin kowa ya sani. Este da Danielle sun ɗan taɓa ƙungiyar waƙa ta Valli Girls suka fita. Este ta karanci kiɗan al'ummomi a jami'ar UCLA, Danielle ta yi yawon wasa da mawaƙa Jenny Lewis da Julian Casablancas. Sun kafa HAIM a 2007, amma sai 2012 suka saki ƙaramin kundin waƙoƙinsu Forever. Shekaru suka yi suna gogewa a ƙananan dandamali kafin kundinsu Days Are Gone ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 2013.

Mai son kafa ƙungiya, ka saita metronom, na'urar ƙidayar bugu, a bugu 70 a minti, kowa ya ajiye kayan kiɗansa ya yi tafi a kan 2 da 4 na minti 10. A naɗa a waya, a saurara tare. Wanda ke riga bugu sauka, shi za a fara gyarawa kafin a taɓa jita.