Yuraniyom ya dawo hannunmu, to wa zai auna ƙurar Akokan?

Duk wanda ya taɓa hawa motar Tawa zuwa Arlit ya san akwai wuraren da direba ke sauka daga kan kwalta da gangan ya bi rairayin gefe, don rairayin ya fi titin daɗin tafiya. Na bi hanyar shekarun baya kaɗan, zan je ta'aziyyar wani kawuna a Akokan, garin da ke dab da Arlit. Mun wuce Agadas ke nan sifirin motarmu ya karye. Muka sauko muka raɓe a inuwar motar, ba itace ba rumfa, yaron mota na kwance a ƙarƙashi yana fama da ƙarfe da igiyar roba. Can sai ga manyan motoci a jere daga kudu, suka bule mu da ƙura suka wuce. Wani dattijo da ke kusa da ni ya kakkaɓe rawaninsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ga masu hanyar. Mu aro muka yi."

Na yi dariya a lokacin, amma gaskiya ya faɗa. Wannan titi mai tsawon kusan kilomita 650, da ya tashi daga Tawa ya bi ta Abalak da Agadas ya ƙare a Arlit, ba don ni da dattijon aka shimfiɗa shi ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka yi shi, lokacin da farashin yuraniyom, ma'adinin da ake samar da makamashin nukiliya da shi, ke sama, kuma har yau hanyar yuraniyom ake ce masa. Kamfanoni biyu ne suka yi haƙar: SOMAIR ta fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akokan a 1978. A da ana zuba garin yuraniyom mai launin rawaya a ganguna, a ɗora wa manyan motoci, su keta ƙasar tun daga arewa har Gaya, su haye kogi su shiga Benin, a Paraku a juye wa jirgin ƙasa zuwa Kwatano, daga can jirgin ruwa ya kai Faransa. Motocin da ke haurowa arewa kuma suna ɗauke da farar wuta da mai da sauran sinadaran da ake narka dutsen da su. Nauyi a tafiya, nauyi a dawowa, shekara da shekaru, a kan kwaltar da rana ke gasawa kullum.

Ba na cikin masu cewa ba a taɓa yin alkawarin gyara ba. A watan Mayun 2014, bayan doguwar taƙaddama, gwamnatin Nijar da kamfanin Areva na Faransa, mai hannun jari a SOMAIR da COMINAK, wanda ya koma Orano daga baya, sun sa hannu a kan sabuwar yarjejeniya. A ciki kamfanin ya amince zai ba da Yuro miliyan 90 don wannan hanya, wato kusan biliyan 59 na sefa. An taɓa wasu sassa, ba zan musa ba. Sai dai wanda ya bi hanyar bayan nan ba ya bukatar a karanta masa rahoto, ƙugunsa zai ba shi labari. Kuma ko an gyara, me zai hana ta sake mutuwa? Ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, na da doka tun 2005 da ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka. Sikelin auna motoci ba abin ado ba ne. In mota ta wuce kima a sauke mata kaya, ba a karɓi na goro a ɗaga sanda ba. Matuƙar ba a yi haka ba, zuba kwalta zuba ruwa ne a kwando.

Maganar jirgin ƙasa kuwa, gara in taƙaita kada raina ya ɓaci. Ma'adini mai nauyi da haɗari aikin dogo ne. Mu kuwa dogon da muka samu shi ne na Yamai zuwa Dosso, kilomita 140 da 'yan kai, wanda aka yi bikin buɗewa a farkon 2016. Bai kai Gaya ba, bai haɗu da na Paraku ba, balle ya leƙa arewa.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne wanda aka bari a can ƙarshen hanyar.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da yuraniyom kimanin tan 75,000. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. A bayan gari kuma aka bar tulin dusar ma'adini da ta kai kimanin tan miliyan 20. Ka sake duba alƙaluman nan biyu: dubu saba'in da biyar suka tafi, miliyan ashirin suka zauna. Dusar nan ba turɓaya ba ce kamar ta ƙofar gidanku. Bayan an tsame yuraniyom, mafi yawan tiririn nukiliyar da ke cikin dutsen na nan a cikinta, tana fitar da iskar radon da ba a gani ba a jin ƙanshinta, wadda likitoci suka tabbatar tana jawo sankarar huhu. Ga iskar hamada da ba ta san shinge ba. Ga ruwan ƙarƙashin ƙasa da garin ke sha, tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da Sahara ke da damina, in ya ƙare ko ya gurɓace ba ruwan saman da zai mayar da shi. Shirin da Orano ta gabatar shi ne a lulluɓe tulin da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu, sannan a ci gaba da sa ido na wasu shekaru. To gubar da ke ciki ba ta lissafi da shekaru goma ko ashirin, da dubbai take yi.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen Arlit ta daɗe tana kuka, tare da masu bincike na CRIIRAD daga Faransa. A rahoton da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta fitar a 2010, samfurin ruwa huɗu cikin biyar da aka ɗiba a yankin sun zarce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya wajen yawan yuraniyom, kuma an samu wurare a titunan Akokan da tiririnsu ya ninka na al'ada har sau 500. An kuma yi maganar tsofaffin ƙarafan ma'adini da ke ƙarewa a kasuwa. Kamfanin Areva ya yi jayayya da wasu sakamakon, ya kuma kwashe ƙasar wasu titunan. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne: me ya sa sai da baƙi suka zo da na'urarsu kafin mu ji? Ina tamu?

Dokoki dai muna da su. Akwai dokar muhalli ta 1998, akwai hukumar BNEE mai duba tasirin ayyuka ga muhalli, akwai sabuwar dokar ma'adinai ta 2022. Tun 2006 ma doka ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai a mayar wa ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo. A takarda ba mu da abin kunya. Amma mai binciken da ba shi da mota, ba shi da mai, ba shi da na'urar awo, sai wanda zai bincika ne zai ɗauko shi ya ba shi masauki ya nuna masa inda zai auna, wannan ziyara ya je.

Yanzu ga inda na san wasu za su taso mini a ƙasan rubutun nan. A watan Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga Orano, a Yunin 2025 kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Jama'a sun yi murna, ni ma na yi. Shekara hamsin ana kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, fitilun Faransa na ci, ƙauyukanmu na cikin duhu. Sai dai murna ba ta hana lissafi. Da can, in ruwa ya gurɓace muna da wanda za mu nuna wa yatsa, kuma gwamnati na iya tsayawa a matsayin alƙali ko da a baki ne. Yau gwamnati ce mai haƙa, ita ce mai sayarwa, ita ce mai auna ƙura, ita ce kuma mai ba da izinin a yi magana. Radon bai san tuta ba. Huhun yaron Arlit ba zai bambance ƙurar Bafaranshe da ta ɗan ƙasa ba. Kuma rigimar da ake yi da Orano a kotunan waje kada ta zama ƙofar da kowa zai bi ya sulale ya bar tulin Akokan ba mai shi. Wanda ya ci ribar shekara arba'in da uku shi ya kamata ya biya kuɗin lulluɓewa har ƙarshe, mu kuma mu tsaya a kansa da ma'auninmu.

Haka batun hanya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, tsohuwar hanyar Kwatano ta toshe. Ko ta ina za a bi da gangunan nan gaba, garuruwa za su ratsa, kusa da kasuwanni da rijiyoyi da makarantu. In mota ta kife da dare a tsakanin Abalak da Tabalak, wa za a kira? Mai gari ya san abin da zai hana mutane taɓawa? Asibitin da ke kusa na da ko safar hannu? Mu da muka san yadda ake rububin man tankar da ta faɗi, bai kamata mu jira a gwada mu da garin rawaya ba. Ga kuma zinariyar Jado da Cibarakaten da ta ɓarke tun 2014, ta ƙaro motoci a hanyar, ta kawo sinadaran wanke zinariya masu guba hannun samarin da ba wanda ya koya musu haɗarinsu.

Ba abu mai wuya nake nema ba. A riƙa auna ruwa da iskar Arlit da Akokan, a liƙa sakamakon a ƙofar ofishin magajin gari, a karanta a rediyo da Hausa da Tamashek. Masu awon su kasance ba sa karɓar albashi daga mai haƙa, ko da mai haƙar gwamnati ce. A kowane tan da ya fita a cire kuɗin hanya da na gyaran muhalli a asusun da kowa zai iya dubawa. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

A ranar da muka lalace, sai bayan la'asar motar ta tashi. Mun shiga Arlit da dare, ƙura ta yi wa kowa fari fat har gira. A gidan makoki wata inna ta miƙo mini ruwa a kwanon sha, mai sanyi, daga randa. Na karɓa, na ɗan tsaya ina kallonsa. Ta ce, "Sha mana, ɗana, shi muke sha." Na sha.