Takardar Kora Mai Layi Ɗaya Ta Daina Kare Mai Kamfani

Kwanakin baya wani mai makarantar kuɗi a nan Kano ya shigo ofishina na lauya da sammaci a hannu, ransa a ɓace. Wata malama ce ya sallama bayan ta shekara shida tana koyarwa a wurinsa, ita kuma ta garzaya kotu. Na karɓi takardar sallamar na duba, layi ɗaya rak: makaranta ba ta buƙatar aikinki daga yau, ga albashin wata guda a madadin notis.

Na ce, "Alhaji, wa ya rubuta maka wannan?" Ya ce lauyansa ne, kuma irinta ya saba ba shi shekara da shekaru. Na tambayi laifinta, ya jero mini makara da fashin aiki da rashin duba littattafan yara. Na ce, "To, an taɓa ba ta takardar gargaɗi ko da ɗaya? An zaunar da ita an ji ta bakinta?" Sai ya yi shiru yana jujjuya hularsa.

Wancan lauya bai ƙirƙiro komai ba. Abin da aka koya mana ke nan: a dokar da muka gada daga Ingila, ubangida na iya korar ma'aikacinsa da dalili mai kyau, ko maras kyau, ko ma babu dalili, muddin ya ba da notis ko ya biya kuɗinsa. A kan haka Kotun Ƙoli ta tsaya a shari'ar Chukwuma da kamfanin Shell a 1993. Matsalar ita ce ƙasa ta motsa a ƙarƙashin wannan karatu, da yawanmu kuma ba mu waiwaya ba.

A watan Maris na 2011 aka sa hannu kan gyara na uku na kundin tsarin mulki. Sashe na 254C ya damƙa wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take nan tun 1976, duk wata rigima tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, ya kuma ba ta damar duba yadda ake yi a sauran duniya. Da wannan dama kotun ta ce, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond a 2015, korar mutum ba tare da faɗin dalili ba zalunci ne, ta kafa hujja da yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi sallamar ma'aikata. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da diyyar albashin shekara biyu ga ma'aikaciyar da aka kora, a shari'ar kamfanin Sahara Energy da Oyebola. A da, kuɗin notis kawai za a biya a tashi. Wata guda da wata ashirin da huɗu, ai mai ƙaramar makaranta ya san bambancinsu a aljihunsa.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: Najeriya ba ta rattaba hannu kan waccan yarjejeniya ba, kuma ba duk alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara suka bi wannan layi ba. Gaskiya ne, maganar ba ta gama kwanciya ba. Amma wannan ma shi ne dalilin karatu. Lauyan da ya san akwai saɓani zai ce wa mai kamfani ya rubuta dalili, ya ajiye shaida, ya saurari ma'aikaci kafin ya yanke hukunci, domin a Kotun Ma'aikata za a fara, kuma tana da reshe a Kano da Kaduna. Wanda bai sani ba zai ɗauko tsohuwar takarda daga kwamfuta ya canza suna da kwanan wata.

Uzurin da na fi ji shi ne tsadar littattafai. Ban raina shi ba. Matashin lauyan da ke fama da kuɗin haya da kuɗin mai ba zai iya jera kundayen hukunce-hukuncen kotu na NWLR, waɗanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985, a kan kantarsa ba, kuɗin shiga LawPavilion, manhajar binciken hukunce-hukuncen kotu, ma nauyi ne gare shi. Sai dai Kotun Ma'aikata tana sa hukunce-hukuncenta a shafinta na intanet, kyauta, kowa na iya karantawa a wayarsa. Awa ɗaya a mako ta isa mutum ya gane inda iska ke kaɗawa.

Ba kora kaɗai ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Je ka masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ka tambayi masu aikin wucin gadi nawa ke da wannan takarda. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024, kuma ya hau kan duk wanda ke da ma'aikata 25 zuwa sama, makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu har da su. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai, amma har yau ana sa ɗan kasuwar Kantin Kwari ya rubuta sunan ƙanensa a matsayin abokin tarayya, a shuka rigimar gado ba gaira ba dalili.

Abin da nake so in gani bai fi ƙarfin rassan Ƙungiyar Lauyoyi na Arewa ba: shafi biyu ko uku duk wata, a taƙaita sababbin hukunce-hukuncen ƙwadago da na kasuwanci, a tura wa mambobi ta WhatsApp. A fitar da na Hausa kuma, domin Alhajin da ke biyan lauya ya san abin da zai tambaye shi. Lauyoyin manyan ofisoshin Legas suna rubuta wa kamfanonin da suke wa aiki irin wannan a kai a kai. Mutanenmu kuwa sai sammaci ya iso ƙofa suke jin labari.

Shi mai makarantar na ba shi shawarar ya nemi sulhu da malamar, ya kuma yarda. Kafin ya fita ya tambaye ni ko zan rubuta wa sauran malamansa takardun ɗaukar aiki. Su talatin da ɗaya ne, babu mai ko ɗaya a cikinsu.