Yaron da ba ya ji ma yana da gurbi a firamaren ƙauyenmu

Satin da ya wuce na je gida, ƙauyenmu da ke can bayan Ringim, na leƙa wurin yayata da hantsi sai na tarar da ɗanta ɗan shekara tara zaune a zaure yana jera ƙwallayen goruba shi kaɗai, sa'o'insa duk sun tafi makaranta tun da sassafe. Yaron nan sanƙarau ne ya kama shi yana ɗan shekara uku, Allah ya tashi kafaɗunsa amma kunnen ya tafi, 'yar maganar da ya fara ma ta bi kunnen. Na ce Yaya, wai har yanzu ba a sa shi a makaranta ba? Ta ce ai babansa ya kai shi tun bara waccan, hedimasta ya karɓe su da mutunci har ya ba su benci, amma ya ce "Malam ka yi haƙuri, nan ba mu da malamin irinsu, sai dai ka gwada makarantar kurame ta Haɗejia." To Haɗejia daga wurinmu kuɗin mota kaɗai zuwa da dawowa ya isa ya cinye cefanen kwanaki, ga shi yaro ne da ko kwana ɗaya bai taɓa yi ba uwarsa ba ta kusa. Haka suka juyo gida, maganar makaranta ta mutu a nan.

Gaskiya ban ga laifin hedimastan sosai ba. Na san makarantar, a can na yi, aji ɗaya sai ka ga yara sun cika shi maƙil a zaune a ƙasa, malami guda, wani lokacin ma allin sai ya sayo da kuɗinsa. Amma abin da ya faɗa ɗin nan, ko da zuciya ɗaya ya faɗe shi, ya saɓa wa dokar ƙasar nan, kuma na yi imani shi kansa bai san da dokar ba balle mijin yayata da noma da kiwo ne kawai sana'arsa.

Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta faɗa ƙarara cewa mai nakasa yana da haƙƙin karatu ba tare da an ware shi ba, kuma kyauta har ya gama sakandare. Ta ce kowace makarantar gwamnati, tun daga firamare har jami'a, dole ta zama mai karɓar masu buƙata ta musamman, a samu aƙalla mutum ɗaya da aka horar don kula da karatunsu, a kuma sa rubutun makafi na Braille da maganar hannu cikin manhaja. An ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara ƙofofinsu da matakalarsu yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024. Kano da Jigawa kuma kowacce tana da tata dokar ta nakasassu, kada wani ya ce ai wannan maganar Abuja ce. Dan Allah mai karatu ka tuna firamaren garinku, akwai gangarar da keke zai hau zuwa aji? Masai fa, yarinyar da ke jan jiki da hannu za ta iya shigarsa ta fito ta koma ta riƙe littafi?

Kuɗin ma ba wai babu shi kwata-kwata ba ne. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ake cire kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a ba hukumar UBEC mai kula da ilimin bai-ɗaya, a cikin wannan kuɗin kuma an keɓe kashi 2 cikin 100 don ilimin yara masu buƙata ta musamman. Ya yi kaɗan ƙwarai, amma ko kaɗan ɗin ni ban taɓa ganin ƙurarsa a ƙauyenmu ba, kuma ya kamata kansila da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma su iya gaya mana inda yake sauka.

Makarantun musamman da muke da su, Tudun Maliki a Kano, ta kurame a Haɗejia, ta makafi a Limawa cikin Dutse, suna aiki babba kuma malamansu sun cancanci addu'a, da yawa daga cikin kurame da makafin da suka zama malamai da ma'aikata yau daga irin waɗannan wuraren suka fito. Sai dai Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, Jigawa 27, 'yan makarantun nan ba za su taɓa ɗauke yaran Sumaila da Tsanyawa da Maigatari da Gwaram duka ba. Kuma wace uwa ce za ta saki 'yarta 'yar shekara shida wadda ba ta ji ba ta magana ta tafi makarantar kwana a wani gari, alhali in wani abu ya same ta ba ta da bakin faɗa? Tsoron nan na iyaye gaskiya ne, kada wani ɗan boko ya kira shi jahilci.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Kuramenmu suna da maganar hannunsu ta gargajiya tun tale-tale, wadda ake yi a gida da kasuwa, mahauci da mai shayi duk sun ɗan iya ta. Wadda ake koyarwa a makarantu kuwa tushenta daga ta Amurka ne, tun zamanin Andrew Foster, wani kurma baƙar fatan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Sai yaro ya tafi ya shekara a makaranta ya dawo hutu da hannu cike da magana, uwar da ta haife shi ta tsaya tana kallonsa ba ta gane komai. In ba a koya wa iyaye da 'yan'uwa ba, an ba yaron harshe amma an ƙara masa kaɗaici a gidansu.

Bari in tsaya a kan uwar nan, don ita ce ake mantawa da ita a duk taron da ake yi ranar 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, ana raba kekuna ana ɗaukar hoto. Macen da ta haifi yaron da wuyansa bai tsaya ba, shekara biyu bai zauna ba, tun kafin ta gane me ke damunsa an riga an raɗa masa suna, wai ɗan ruwa ne, wai aljanu ne suka musanya shi, wata ta ce ai ta fita da almuru tana da ciki, kishiya ta yi gori, dangin miji su ce a danginsu ba a taɓa haifar irin wannan ba. Alhali sau da yawa doguwar naƙuda ce ta hana iska isa ƙwaƙwalwar jariri, ko shawara ce ta yi tsanani a kwanakin farko idonsa ya yi rawaya aka ce a bari zai washe. Daga nan sai a fara yawo, akuya ta tafi wurin mai magani, tunkiya ta bi ta, kayan ɗakinta su ƙare, sai can da aka makara wani ya ce ku je asibitin ƙashi na Dala ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a yi masa gashi, gashin kuma ba na zuwa ɗaya ba ne, wata da watanni ake yi, ita ce za ta goyo yaro ɗan shekara bakwai a bayanta ta tsaya bakin titi jiran mota. Ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna, 'yar sana'ar ƙuli-ƙulin ma ta tsaya. In ta gaji kuma sai a cire babbar 'yarta daga makaranta ta zama 'yar raino, kun ga nakasar yaro ɗaya ta hana yara biyu karatu kenan. Wallahi na ga wannan da idona a gida fiye da ɗaya.

Kuma mu a wannan yankin muna da bashi na musamman a wuyanmu. Annobar sanƙarau ta 1996 ta bar kurame da yawa a ƙasar Kano, dakatar da rigakafin shan inna a 2003 ya bar guragu, sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Ƙyanda har gobe tana makantar da yara. Waɗancan yaran yanzu magidanta ne, da yawansu ba su ga aji ba, bai kamata mu maimaita da ƙannensu da 'ya'yansu ba.

Wani zai ce haɗa mai nakasa da sauran yara a aji ɗaya tsarin Turawa ne. Ni kuwa a tsangayar garinmu na fara ganinsa. Ba a taɓa korar makaho daga gaban alaramma ba, ɗan'uwansa ke biya masa yana riƙewa da ka har ya sauke, kuma kowa ya san makafin da suka zama gwanaye ana zuwa ɗaukar karatu a wurinsu. Suratu Abasa kanta a kan makaho ta sauka, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman ilimi, mutumin da daga baya ya zama ladanin Manzon Allah (SAW) har ana bar masa riƙon Madina in an yi tafiya. To ta ina al'ummar da ke karanta wannan surar a sallah za ta yarda cewa gadon makaho kwano ne da ɗan jagora? Dokar 2018 ta haramta amfani da mai nakasa wajen bara, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, amma ni ban ga amfanin kama uban da ba a ba shi wata ƙofa ba. Jigawa ta yi abin kirki tun 2007 zamanin Sule Lamido da ta fara ba nakasassu alawus na naira 7,000 a wata, sai dai adadi ake ɗauka a kowace ƙaramar hukuma, kuma a ganina lokaci ya yi da za a buɗe wani kaso na daban don iyayen ƙananan yara, a damƙa shi a hannun uwa, da sharaɗin yaron yana zuwa makaranta ana kuma kai shi asibiti.

Na san malamai za su ce, yara ɗari sun gagare mu ina ga an ƙaro mana kurma da makaho da mai galahanga. Maganarsu tana kan hanya, don in aka zuba yaro a bayan aji ba mai kula shi to zaman zauren ne aka canza masa wuri kawai. Akwai ma yaran da nakasarsu ta yi nauyin da sai an bi su gida. Amma ba a ce sai kowace makaranta ta samu ƙwararre gobe da safe ba. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin musamman tana yaye ɗalibai duk shekara, akwai kwalejin ilimi ta musamman a Oyo, a ɗauki mutum ɗaya a kowace mazaɓa a ba shi babur ya riƙa zagaya firamarorin, yau nan gobe can, yana nuna wa malamin aji yadda zai zaunar da kurma a gaba inda zai ga bakinsa, yana koya wa iyaye mata maganar hannu ko da a islamiyyar dare ce. Masu rigakafi sun shiga kowane gida a ƙasar nan sun yi alama da alli a ƙofa, mai unguwa da ungozoma sun san duk ɗakin da aka ɓoye yaro, ashe ƙidaya su ba za ta yi wuya ba in an so. Gangarar ƙofar aji kuwa 'yan buhunan siminti ne da yashi, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, zai iya yin ta da aikin gayya, kuma a sa sarkin makafi ko sarkin guragu na yankin cikin kwamitin don su suka san inda abin yake ciwo.

Kafin in baro gida na zauna da mijin yayata bayan la'asar, na karanta masa sashen dokar a wayata na fassara masa. Ya yi shiru can ya ce, "To ai ni na ɗauka alfarma na je nema." Mun yi magana da mai unguwa da shugaban kwamitin makarantar, ranar Litinin za su koma wurin hedimasta tare. Abin da za su nema bai da yawa, a rubuta sunan yaron a rajista, a ba shi wuri a layin gaba, a zaunar da shi kusa da ɗan baffansa wanda tun suna ƙanana shi ya fi kowa gane hannunsa.