Linux a ƙauye: 'yancin da sai mai data ke cin moriyarsa

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, kuma Windows 11 da ta gaje ta ba ta yarda da shiga kowace irin kwamfuta, domin tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, tana kuma neman ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama ko makamanciyarta. Akasarin kwamfutocin gwanjo da ake saye a titin Beirut ko a Farm Centre da ke Kano a kai su Ringim, Gumel, Rano ko Ɗambatta sun girmi wannan sharaɗi. Wannan ne ya sa matasan da suka karanci kwamfuta suka ƙara ƙaimi wajen shawartar masu shagunan buga takardu da makarantun ƙauye cewa su koma Linux, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, tunda kyauta ce, ba ta cika kamuwa da ƙwayoyin cutar kwamfuta ba, kuma tana farfaɗo da tsohuwar na'ura.

Shawarar tana da tushe, kuma ina cikin masu ba da ita. Amma akwai abin da muke tsallakewa idan muna tallata ta, shi ne cewa waɗanda suka tsara waɗannan manhajoji sun ɗauka mai amfani da su yana da intanet maras yankewa, yana karanta Turanci ba tare da wahala ba, kuma yana da lokacin da zai ɓata yana gwaje-gwaje. Duk ukun nan ƙaranci suke da shi a karkarar Kano da Jigawa. Babban abin alfaharin Linux, wato damar da mutum ke da ita ta ya sauya komai yadda ransa ke so, shi ne yake komawa nauyi a kan mutumin da buƙatarsa kawai firinta ta buga takarda kafin man janareta ya ƙare.

Matsalar tana farawa tun kafin a kunna kwamfutar, wajen zaɓi. Linus Torvalds ya fitar da zuciyar tsarin ne a shekarar 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, sannan jama'a daban-daban suka riƙa ɗora mata gangar jiki, shi ya sa yau ake da Debian, Ubuntu, Fedora, Linux Mint da wasu ɗaruruwa. A cikin kowanne kuma akwai fuskar allo iri-iri, kamar GNOME, KDE Plasma, Xfce da Cinnamon, kowacce da inda ta ɓoye saitinta. Idan malamin firamare a Garki ya kira ƙaninsa da ke karatu a Dutse ya ce masa sauti ya ɗauke, tambayar farko da za a yi masa ita ce wane iri yake amfani da shi, kuma galibi bai sani ba, domin wanda ya saka masa bai gaya masa ba. Mai Windows ba ya fuskantar wannan tambaya, domin duk mai gyaran da ke bakin tasha ya san inda zai danna.

Sai batun data, wanda a ganina shi ne ginshiƙin al'amarin. Fayil ɗin saka Ubuntu 24.04 ya kusa gigabait 6, na Linux Mint kuma ya kusa 3, alhali a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Za a iya cewa mutum ɗaya ya sauke a birni ya zuba a filash ya raba wa sauran, kuma haka ake yi. Sai dai saka manhajar shi ne somin-taɓi. Da zarar an gama sai ta nemi sabuntawa, kuma duk wata manhaja da mutum ke so ya ƙara, daga rumbun intanet ake janyo ta tare da wasu ƙananan ɓangarori da ta dogara da su. Al'adar da muka saba da ita ta ɗaukar manhaja a filash daga wannan shago zuwa wancan ba ta tafiya daidai a nan, saboda fayil ɗin da aka kwafo sau da yawa yakan ƙi shiga har sai an kawo masa 'yan rakiyarsa. Sababbin hanyoyin da aka ɓullo da su don magance hakan, wato Snap da Flatpak, suna haɗa manhaja da kayan aikinta a ƙunshi ɗaya, amma ƙunshin kan yi nauyi, kuma Snap yana sabunta kansa ba tare da ya nemi izini ba sai idan an san yadda ake tsayar da shi. Ga wanda ya haɗa kwamfuta da wayarsa da data ta naira 500, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Na zauna a wani shagon buga takardu a wani gari da ke kan hanyar Gumel ranar kasuwa, na ga yadda abin ke kasancewa. Wani matashi ya saka wa mai shagon Linux a tsohuwar laftof, komai ya hau lafiya, sai alamar Wi-Fi ta ƙi fitowa, domin na'urar kama intanet da ke ciki tana buƙatar direbanta, wato 'yar manhajar da ke sa ta yi aiki da kwamfutar, direban kuma sai da intanet ake sauke shi. Sai ya jona waya da igiya, ya ɗora ta a kan tagar shagon inda sabis ya fi kamawa, ya buɗe baƙin allon nan da ake kira Terminal yana kwafo umarni daga wani shafin Turanci harafi bayan harafi. Firinta kuma tana karɓar aiki ta yi shiru. Wani dattijo da ya kawo takardar filinsa a yi masa kwafi ya gaji da jira ya ce wa mai shagon, "Malam, in dai ba za ta yiwu yau ba ka ba ni abata, motar ƙauyenmu ba ta jiran kowa." Mai shagon ya ce, "Ka yi haƙuri Baba, yanzu za ta tashi." Ba ta tashi ba, kuma kafin la'asar ya ce wa matashin ya mayar masa da abin da ya sani.

Adalci shi ne a faɗi cewa laifin direbobi ba na masu rubuta Linux ba ne kaɗai. Kamfanonin da ke ƙera firinta da na'urorin Wi-Fi su ne ke ƙin fitar da bayanan kayansu, ko su rubuta direba don Windows kawai. Kuma an samu ci gaba, domin tun daga Debian 12 da ta fito a watan Yunin 2023 aka fara haɗa irin waɗannan ɓangarori na kamfanoni a cikin fayil ɗin sakawa, bayan shekaru ana gardama a kan ko hakan ya saɓa wa aƙidar manhaja mai 'yanci. Amma mai shago ba ya rarrabe laifin wannan da na wancan. Abin da ya gani shi ne jiya firintarsa tana aiki, yau ba ta yi.

Batun gyara fuskar allo ya fi ba ni takaici, domin a nan ne alƙawari da zahiri suka fi nisa da juna. Lokacin da GNOME 3 ta fito a 2011 ta kawar da abubuwa da dama da mutane suka saba da su, har shi kansa Torvalds ya fito fili ya soke ta ya koma Xfce na wani lokaci, kuma daga wannan rikici ne aka samu fuskokin allo na MATE da Cinnamon. A 2018 GNOME ta cire damar ajiye fayiloli a kan fuskar allo, abin da kusan duk wanda ya koyi kwamfuta a makarantun koyon kwamfuta na garuruwanmu aka fara koya masa. Mai son ya dawo da irin waɗannan abubuwa sai ya saka ƙananan manhajojin ƙari da wasu 'yan sa-kai suka rubuta, ita kuwa GNOME sau biyu a shekara take fitar da sabon zubi, a Maris da Satumba, kuma ba tabbas cewa ƙarin da aka saka zai ci gaba da aiki. A zubi na 45 da ya fito a 2023 sai da aka sake fasalin dukkansu. KDE Plasma kuma ta bi ɗaya ɓangaren, ta zuba saiti birjik har mutum ya rasa wanda ya taɓa allonsa ya birkice. Lamarin ya yi kama da mutumin da ya je neman riga aka miƙa masa yadi da keken ɗinki aka ce ya gode, tunda yanzu zai iya ɗinka duk irin wadda yake so.

Harshenmu ma bai tsira ba. Akwai tsarin madannai na Hausa a cikin Linux, wanda ke ba da damar rubuta ɓ da ɗ da ƙ, kuma nau'o'in rubutu irin su DejaVu da Noto suna ɗauke da waɗannan haruffa. Amma sai wanda ya san da zamansa zai tono shi daga cikin saiti, kuma idan aka zaɓi nau'in rubutun da ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro su daga wani nau'in, ka ga ƙ ɗaya ta fita daban a tsakiyar kalma a kan katin ɗaurin aure. Fassarar fuskar allon zuwa Hausa kuwa rabi da rabi ce inda ma aka fara ta. A tsakiyar shekarun 2000 an taɓa fitar da wani zubi a Nijeriya mai suna Wazobia Linux da Hausa da Yarabanci da Ibo, amma bai ɗore ba, domin irin wannan aiki yana buƙatar masu kula da shi shekara da shekaru.

Akwai kuma abin da ke kawo kuɗi a shagon, wanda masu tallar Linux ba sa son a tayar da zancensa. Katin biki, kalandar Maulidi, fastar 'yan takara da shaidar kammala Islamiyya, yawanci da CorelDRAW ake zana su a wannan yanki, kuma CorelDRAW ba ta da zubin Linux. Inkscape, manhajar zane ta kyauta da ke aiki a Linux, tana iya buɗe wasu fayilolinta, amma ba kullum suke fitowa yadda aka zana su ba, kuma maɗaba'ar da za a kai wa aikin a Kano fayil ɗin da ta saba da shi take so. LibreOffice, wadda ke maye gurbin Word a Linux, ta isa ta rubuta wasiƙa da jadawalin jarabawa, sai dai takardar da aka tsara a Word mai cike da tebur takan zame ta ƙara shafi idan aka buɗe ta a can. Duk wanda ya ce wa mai irin wannan shago ya bar Windows gaba ɗaya yau, bai yi masa nasiha ta gaskiya ba.

To me ya sa har yanzu nake ganin Linux ce ta fi dacewa da makarantu da ɗakunan karatu na karkara? Domin abin da muke riƙe da shi yanzu ya fi ta muni. Windows ɗin da ke cikin yawancin kwamfutocin nan ba ta da lasisi, an fasa ta ne da wasu manhajoji da ba a san abin da suka shigo da shi ba, ga shi yanzu ba ta samun gyaran tsaro, kuma a kanta ake shigar da lambar NIN da BVN ta mutanen ƙauye. Filash ɗaya mai cuta kan zagaye shagunan gari guda. Saboda haka ƙorafin da nake yi a kan wahalar Linux ƙorafi ne a kan wanda aka ɗora wa wahalar, domin aikin zaɓe da saiti da gwaji aiki ne na hukuma ko cibiya, wanda ake yi sau ɗaya a madadin mutum dubu.

An gwada hakan a wasu wurare kuma sakamakon ya bambanta. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe tana amfani da Linux a makarantun gwamnati, amma ba ta ce wa kowane malami ya je ya zaɓi nasa ba. Hukumarta mai suna KITE ita ke haɗa zubi guda a kan Ubuntu, ta zuba manhajojin darasi da harshen Malayalam a ciki, ta horar da malamai a kan wannan zubin. Birnin Munich na Jamus kuwa ya mayar da dubban kwamfutocin ofisoshinsa kan Linux, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, kuma daga cikin koke-koken ma'aikata akwai wahalar musayar takardu da sauran hukumomi. Darasin da na ɗauka daga Munich shi ne a san inda za a fara, kuma ɗakin kwamfuta na makaranta ya fi ofishin da ke musayar fayil da Abuja sauƙin farawa.

Jigawa tana da inda za ta ɗora irin wannan aiki. Akwai cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha a Kazaure, akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, Kano kuma tana da Jami'ar Bayero da ƙungiyoyi masu yaɗa fasahar sadarwa irin su CITAD. Abin da ake buƙata daga gare su bai kai girman ƙirƙiro sabon tsari mai suna da tambari ba, wanda zai mutu idan wanda ya kawo shi ya bar kujera. Ya isa a ɗauki zubi ɗaya mara nauyi mai dogon tallafi, misali Linux Mint mai fuskar Xfce, a kunna masa madannan Hausa tun daga farko, a zuba masa direbobin firintocin da aka fi samu a kasuwar Kano bayan an gwada su ɗaya bayan ɗaya, a tsara shi yadda ba zai taɓa data ba sai an ba shi izini. Sabuntawa kuma a riƙa haɗa ta a filash duk zangon karatu a raba ta hannun sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, yadda ake raba sauran kayan makaranta. Sannan a rubuta ɗan littafin jagora da Hausa mai hotunan allon da malami zai gani a gabansa, a kuma horar da masu gyaran waya da kwamfuta na hedikwatar kowace ƙaramar hukuma a kan wannan zubin kaɗai, domin su ne ake kai wa na'ura idan ta ƙi tashi.

Shi kuwa mai shagon buga takardu, shawarar da zan ba shi a yanzu ita ce ya bar kwamfutar zane a kan Windows ya raba ta da intanet, ya saka Linux a wadda yake cike fom da ita, kuma kada ya yarda a goge masa komai sai an tayar da Linux ɗin daga filash an buga shafi ɗaya da firintarsa a gabansa.